Tsufan batir a ƙasa mai zafi: a auna kafin a sayi tsohuwar motar lantarki

A Yauri, cikin gundumar Kance ta jahar Damagaram, da wuya a sami magidancin da bai san batir ba. Yana cikin wayar hannu, yana cikin babur, yana cikin fitilar da ta kori fitilar ƙwai daga ɗakuna. Wanda ya ɗora farantin hasken rana a kan rufinsa ya san shi, mai shagon cajin waya kuwa da shi yake cin abinci. Dukansu sun san halinsa guda: yana sabo yakan riƙe wuta har asuba, amma da ya kwana biyu sai ya riƙa mutuwa tun kafin a tashi daga hira. Ba a fasa shi ba, ba a zubar da ruwansa ba. Ƙarfinsa ne ya ragu.

Wannan sani da mutanen karkara suka samu da kuɗin aljihunsu zai yi amfani nan gaba a wani babban ciniki, wato cinikin mota mai aiki da lantarki. Irin wannan mota ba ta shan isansi ko gazuwal; wutar da aka tara a batir ita ke juya ƙafafunta. Ba ta zama abin hawa na yau da kullum ba tukuna a Yauri ko a Matamaye, amma tana tafe, kuma alamu sun nuna tsohuwarta za a fara gani kafin sabuwa. Darajar tsohuwar motar lantarki kuwa tana ga batirinta. Wanda ya saye ta bai auna batirin ba ya yi cinikin biri a sama.

Ta ina za su shigo?

A shekarar 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, wato fiye da mota ɗaya cikin kowace biyar da aka saya sabuwa. Ƙasar Sin kaɗai ta ɗauki sama da miliyan 11. Kowace daga cikinsu za ta tsufa, kuma an san inda tsofaffin motocin ƙasashe masu arziki ke zuwa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Galibin motocin da ke yawo a Nijar ta wannan hanya suka zo, ta tashoshin jiragen ruwa irin na Kwatano da Lome.

A maƙwabta ma an soma. A watan Nuwamba na 2020 aka nuna motar lantarki ƙirar Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas. A watan Afrilu na 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin haya masu aiki da lantarki. Ƙasar Habasha kuwa a 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai. Yankin Matamaye yana bakin iyaka. Abin da ya shiga kasuwannin Daura da Katsina da Kano ba ya daɗewa bai tsallako ta Ɗan Barto ba.

Abin da ke cikin batirin

Batura iri biyu ne suka shafi wannan magana. Na farko shi ne batirin dalma mai ruwa, wanda wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro a 1859. Shi ne ke tayar da motar mai da babur, shi ne kuma aka fi haɗawa da farantin hasken rana a ƙauyuka. Na biyu shi ne batirin litiyom, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991. Shi ne ke cikin wayar hannu, shi ne kuma ke cikin motar lantarki ta zamani, domin ya fi na dalma rashin nauyi da ɗaukar wuta.

Batirin mota ba ƙwaya ɗaya ba ne. Tarin ƙwayoyi ne da aka jera cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin motar. Motar Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a watan Disamba na 2010, tana da ƙwayoyi 192, nauyin batirinta kuma ya kusa kilo 300. Wasu motocin kamfanin Tesla suna da ƙananan ƙwayoyi sama da 7,000. Ana auna yawan wutar da batir ke ɗauka da ma'aunin da ake kira kilowat-awa, wanda kamfanin NIGELEC ke lissafin kuɗin wuta da shi. Batirin Leaf ta farko yana ɗaukar kilowat-awa 24. Batirin dalma mai bolt 12 da amfe-awa 100, irin na gidajen karkara, yana ɗaukar kilowat-awa 1.2 ne kawai. Ke nan batirin motar ya yi daidai da irin waɗannan guda 20.

A cikin kowace ƙwaya akwai ɓangare biyu, da ruwan sinadari a tsakaninsu. In ana caji, litiyom yakan ƙaura zuwa ɓangaren da aka yi da garafit, wato baƙin abin nan na cikin fensir. In ana tafiya sai ya komo, komowar tasa kuwa ita ke ba da wuta. Akwai kuma wata ƙaramar na'ura mai gadin batirin, wadda ke lura da zafin ƙwayoyin da ƙarfin kowace, ta kuma yanke wuta in ta ga haɗari.

Yadda batir ke tsufa

Duk lokacin da litiyom ya yi wannan kai da komo, wani ɗan kaɗan daga cikinsa yakan maƙale a fuskar garafit, ya zama ɓawo. Misalinsa kamar ƙanzo ne a tukunyar tuwo: kullum yana ƙara kauri, wurin tuwo yana raguwa, kuma gwargwadon ƙarfin wutar murhu gwargwadon kaurinsa. Bambancin kawai, ƙanzon tukunya ana kankare shi, na batir kuwa ba ya kankaruwa. Litiyom ɗin da ya maƙale ya tafi ke nan.

Masana sun kasa tsufan batir gida biyu. Akwai tsufan aiki, wanda ke zuwa da yawan caji da sauke caji. Akwai kuma tsufan kwanaki, wanda ke ci gaba ko da an ajiye motar ba a hawa. Saboda haka ƙarancin kilomita a allon mota ba shaida ba ne cewa batirinta yana da lafiya. Motar da ta shekara biyar a ajiye cikin rana da batir cike tana iya fin wadda aka yi ta aiki da ita cikin kula lalacewa.

Abubuwa huɗu ne ke gaggauta tsufan: zafi, da barin batir cike maƙil na tsawon kwanaki, da barinsa ya mutu ƙurmus, da yawan cajin gaggawa, wanda ke tura wuta mai yawa cikin ɗan lokaci har ƙwayoyin su ɗau zafi. Bugu da ƙari, ƙwayoyin ba sa tsufa daidai da juna. Kamar shanun huɗa ne da aka ɗaure a karkiya ɗaya: tafiyar rarraunan ita ce tafiyar garmar. In ƙwaya ɗaya ta yi rauni, na'ura mai gadi takan tsayar da batirin duka da zarar ita ta gaji, ko da sauran suna da wuta.

A bisa matsakaicin lissafi, tsufan ba mai sauri ba ne. Kamfanin Geotab na Kanada, wanda ke bin diddigin motocin aiki, ya duba motocin lantarki 6,300 a 2019, ya sami batir yana rasa kashi 2.3 cikin 100 na ƙarfinsa a shekara. Da ya sake dubawa a 2024 a kan motoci kimanin 10,000, adadin ya sauka zuwa kashi 1.8. A kan wannan, motar da ta shekara goma tana iya riƙe wajen kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta. Sai dai binciken ya nuna motocin ƙasashe masu zafi sun fi saurin rasa ƙarfi. Nan ne maganar ta shafi Damagaram.

Darasin Arizona

Batirin litiyom ya fi son yanayin da ke tsakanin digiri 15 zuwa 35. A jahar Damagaram kuwa zafin watannin Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40 a inuwa, ya kuma haura, balle a kan kwalta da tsakar rana. Masu batirin dalma sun riga sun ɗanɗana wannan, domin ƙa'idar da masu ƙera shi suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana raba tsawon ransa biyu.

Birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka yana cikin hamada, zafinsa na bazara kuma ya yi kama da na nan. A 2012 masu motar Leaf a can suka soma kuka cewa batirinsu ya ragu sosai tun motar ba ta cika shekara biyu ba. Dalili shi ne batirin Leaf ba shi da na'urar sanyaya shi. Iskar da ke kewaye da akwatin ce kawai ke ɗauke masa zafi. A ƙarshen shekarar kamfanin Nissan ya ba da sabon lamuni: allon motar yana nuna lafiyar batir da sanduna 12, in suka sauka ƙasa da 9 cikin shekara 5 ko kilomita kimanin 96,000, kamfani zai gyara. Daga baya ya sake haɗin sinadarin batirin domin ya fi jure zafi.

A wancan watan na Disamba 2010 wata mota ta fito a Amurka, Chevrolet Volt, wadda ke da batir da kuma ƙaramin injin mai. Wanda ya zana siffarta ta farko Basakkwace ne, Jelani Aliyu, wanda daga baya ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya daga 2017 zuwa 2023. Injiniyoyin da suka haɗa batirin Volt sun bi wata hanya dabam. Sun zagaye ƙwayoyin da ruwan sanyi, sun kuma hana motar taɓa batirin duka: cikin kilowat-awa 16, wajen 10 kawai take amfani da su, don kada ya cika maƙil ko ya mutu ƙurmus. Batirin Volt ya yi suna wajen daɗewa. Motoci biyu, wata ɗaya, amma makomar batirinsu ta bambanta saboda sanyaya da kuma barin rara. Wannan shi ne abu na farko da mai saye a ƙasa mai zafi zai tambaya.

Tsufa dabam, lalacewa dabam

Tsufa a hankali yake zuwa, ana ganinsa tafe. Lalacewa kuwa farat ɗaya take faruwa. Wani lokaci aibin daga masana'anta yake. A 2021 kamfanin General Motors ya kira motocinsa ƙirar Chevrolet Bolt sama da 140,000 saboda aibin ƙwayoyin batir da ke iya jawo gobara. A shekarar nan kuma kamfanin Hyundai ya kira motoci kimanin 82,000 don a sauya musu batir. Wanda ke zaune kusa da wakilin kamfani an sauya masa kyauta. Motar da ta bar ƙasarta ba a yi mata gyaran ba, da aibinta za ta iso.

Wani lokaci kuma hanya ce ke jawo lalacewar. Tun da batirin a ƙarƙashin mota yake, dutse ko tudun hanyar laterit yana iya lotsa akwatin. Da damina, in akwatin ya tsage aka kuma ratsa korama, ruwa yana shiga. Gobarar batirin litiyom ba kasafai take tashi ba, amma in ta tashi kashe ta yana da wuya: tana cin ruwa mai yawa, tana kuma iya sake kamawa bayan an ɗauka ta mutu. Ya kamata makanikai su san cewa batirin yana ɗauke da wuta mai bolt 350 zuwa 400, wani ma fiye, kuma wayoyinsa masu launin ruwan lemo ne don gargaɗi. Taɓa su ba tare da horo da safar hannu ta musamman ba yana iya kashe mutum. Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12 a motar lantarki, kamar na kowace mota. In ya mutu motar ba ta tashi, sai a zaci babban ne ya lalace, alhali gyaran mai sauƙi ne.

Lissafin tafiya da na kuɗi

Hukumar muhalli ta Amurka ta auna Leaf ta farko tana sabuwa, ta sami tana cin kilomita 117 da caji ɗaya. In ƙarfin batirinta ya sauka zuwa kashi 70 cikin 100, saura kilomita 82 ke nan. Tsakanin Matamaye da birnin Damagaram akwai sama da kilomita 80. In aka ƙara kaya da fasinja da na'urar sanyaya ɗaki, sai a ga motar da ke gudu lafiya lau, ba hayaƙi ba ƙara, ta kasa kai mai ita birni. Motocin baya-bayan nan suna da batir mai kilowat-awa 40 zuwa 60 ko fiye, don haka ragin bai cika yi musu illa kamar haka ba. Amma mafi tsufa su ne mafi araha, su ne kuma dillalai za su fara kawowa.

Sauya batir ba ƙaramin kuɗi ba ne. A 2014 Nissan ya sa wa sabon batirin Leaf farashin dalar Amurka 5,499, bayan an mayar masa da tsohon. Farashi ya sauka ƙwarai tun daga lokacin: a 2010 kilowat-awa ɗaya na batirin litiyom ya haura dala 1,000, a 2024 kuwa matsakaicinsa dala 115 ne. Duk da haka, batir mai kilowat-awa 40 ya kama dala 4,600 a wannan farashi, wato sama da sefa miliyan biyu da rabi a canjin 2024, ban da dako da kuɗin duwan da ladan gyara. Lamunin da galibin kamfanoni ke bayarwa shekara 8 ne ko kilomita 160,000, kuma sau da yawa ba ya bin mota zuwa wata nahiya. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Abin da mai saye zai duba

Na ɗaya, a nemi adadin lafiyar batir, wato kashi nawa cikin 100 ya rage. Ana karanta shi da ƙaramar na'ura da ake soka wa motar. A karanta a gaban mai saye, kada a dogara da takardar da dillali ya kawo.

Na biyu, a tambaya ko batirin yana da ruwan sanyaya shi ko iska kawai.

Na uku, a tambayi irin sinadarinsa. Wanda aka haɗa da litiyom da ƙarfe da fosfat, mai alamar LFP, wanda kamfanonin Sin irin su BYD suka yawaita, ya fi jure yawan caji, bai kuma cika kama wuta ba.

Na huɗu, a cika batirin a yi doguwar tafiya, a gwada kilomitocin da aka ci da wutar da ta ragu.

Na biyar, a leƙa ƙarƙashin motar a nemi lotsawa ko tsatsa ko alamar ta taɓa nutsewa a ruwa.

Bayan saye kuma, a ajiye ta a inuwa. A riƙa caji da dare ko da sanyin safiya, ba da zarar an dawo daga doguwar tafiya ba. In ba batirin LFP ba ne, a tsaya tsakanin kashi 20 da kashi 80 a ranakun aiki, a cika shi sai ranar tafiya mai nisa. Waɗannan ƙa'idodi suna tsawaita ran batirin wayar hannu ma.

Makomar tsohon batir

Batirin da ya gaza wa mota bai mutu ba. Mai kilowat-awa 24 da ya sauka zuwa kashi 70 yana da sauran kusan 17, daidai da batirin dalma 14 na irin da aka ambata. A filin ƙwallon Johan Cruijff na birnin Amsterdam, a 2018, an haɗa rumbun wuta da ya yi daidai da batirin Leaf 148, sababbi da tsofaffi. In akwai masu horo, irin wannan batir yana iya tara wutar rana ga gidan likita na karkara ko makaranta. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin tun 1969 Farfesa Abdou Moumouni ya kama jagorancin ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, a Yamai. Buƙatar kuma a fili take: lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar a watan Agusta na 2023, garuruwa da yawa sun san darajar wutar da aka tara.

Amma batirin da aka yar a juji guba ne. A Thiaroye, kusa da Dakar ta ƙasar Sanagal, yara 18 sun mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalma, a unguwar da ake fasa tsofaffin batura ana narka dalmarsu. Batirin litiyom ba shi da dalma, amma yana da nasa haɗarin na wuta da hayaƙi mai guba. Ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991 domin hana shigo da shara mai haɗari cikin nahiyar. Motar da batirinta ya ƙare, in aka shigo da ita da sunan abin hawa, shara ce mai ƙafa huɗu.

Aikin da ke gaban hukumomi

Ma'aikatan duwan da na sufuri sun saba duba shekarun mota da lambar jikinta da ƙarfin injinta. Ga motar lantarki wannan bai isa ba. Ya dace a ƙara da shaidar lafiyar batir, a kuma yanke adadin da in mota ta gaza shi ba za ta shigo ba. Cibiyoyin koyon sana'a su soma horar da matasa kan wutar mota mai ƙarfi tun motocin ba su yawaita ba, ƴan kwana-kwana su koyi yadda ake tunkarar gobararta. Magadan gari da sarakuna da masu unguwanni kuwa suna da aikin da za su iya somawa yau: a keɓe wurin tara matattun batura na babur da na farantin rana, nesa da rijiyoyi da wurin wasan yara, a kuma hana fasa su cikin gida.

Malaman yaƙi da jahilci da ɗalibansu suna da nasu rabo. Wanda ya iya karanta lamba ya iya karanta kashi nawa ya rage a batir, ya kuma iya lissafa ko zai kai shi inda ya nufa. Ranar da ke ba ƙasar nan wuta kyauta ita ce kuma ke tsofar da rumbun da ake tara wutar a ciki. Wanda ya san haka zai nemi inuwa ga batirinsa, ya nemi ma'auni kafin ya miƙa kuɗinsa. Rigakafi ya fi magani.